Mai Fito a Ɗakin Umma

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da ƙane ɗan shekara biyu, ana ce masa Auta. Ummansu tela ce. Kullum in yarinyar ta taso daga makaranta, sai ta biya shagon Umma ta ɗauko Auta su dawo gida.

Wata rana Umma ta ce, "Kada ki kai shi gidan maƙwabta. Yaransu duk mura suke yi."

"To, Umma."

Amma da ta jiyo ƙarar talabijin ɗin maƙwabtan ta katanga, sai ta goya Auta ta shiga gidan. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan kwana uku Auta ya fara tari da zazzaɓi. Umma ta ba shi magani. Ta ce wa yarinyar, "In kin ga wani canji, ki zo ki kira ni."

Washegari da rana aka ɗauke wuta. Gidan ya yi tsit. Auta na kwance a gadon Umma, yarinyar tana aikin makaranta a ƙasa. Sai ta ji fito. Siriri ne, kamar ana hura bakin kwalba. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi.

Ta leƙa ƙarƙashin gado, takalma kawai ta gani. Ta dubi taga, a rufe take. Ko labule ba ya motsi.

"Waye?" ta ce a hankali.

Ba amsa, sai fiton.

Ta matsa don ta ɗauki Auta su gudu. A nan fiton ya fi ƙarfi. Ashe daga ƙirjinsa yake fitowa. Ta ɗaga rigarsa. Duk in ya ja numfashi, sai ƙasan haƙarƙarinsa ya loɓa ciki. Yana kallonta kamar bai san ta ba.

Ta tuna gidan maƙwabta. A ranta ta ce, "In na kira Umma, asirina ya tonu." Sai ta lulluɓe shi da bargo, ta koma tsakar gida ta toshe kunnuwanta.

Can da yamma ta saurara. Fiton ya ragu sosai. Shirun nan ya fi fiton ban tsoro. Ta shiga ta yaye bargon. Leɓunan Auta sun yi toka-toka.

Ko takalmi ba ta sa ba, ta ruga shago.

A asibiti aka sa wa Auta robar iska a hanci. Likita ta tambaya, "Tun yaushe ya fara wannan numfashin?"

Umma ta juyo ta dubi yarinyar.

"Tun da rana," in ji yarinyar, tana hawaye. "Na ji tsoro ne. Ni na kai shi gidan maƙwabta."

Likita ta durƙusa a gabanta. "'Yata, ƙwayar cutar mura ce ta gangara huhunsa. Yaro na iya ɗaukarta ko'ina. Ɓoyewar ce ta fi haɗari. Da an ƙara jinkiri, da labari ya sha bamban."

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Faɗana na minti biyar ne. Ƙaninki kuwa guda ɗaya ne."

Kwana shida Auta ya yi a asibiti. Ranar da aka cire robar, ya miƙa hannu ya finciki kitson yayarsa.

"Yaya, goyo," ya ce.

Umma ta yi dariya. "To, mai gida ya warke, ya dawo bakin mulki."

Tun daga ranar, yarinyar ta daina ɓoye laifinta. In ka ga yaro yana numfashi da sauri ko da ƙyar, ka sanar da manya nan take, ko da za a yi maka faɗa.