Faya-fayan Gidan Maestro

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Liman bai gama huɗuba ba lokacin da suka shiga. Chérif, ogansu, shi ya zaɓi lokacin. Ranar Juma'a mazan Zongo duk suna kan tabarmi a titi, gidaje sai mata da waɗanda ƙafa ta gaza. Su uku ne, kowa da rigar zem, wato ta 'yan acaɓa, ruwan ɗorawa da hular kwano har haɓa. A Kwatano babu mai kallon ɗan zem sau biyu.

Saoudatou ta saki butar da ke hannunta. Mahaifinta, tsoho Abdoulaye, wanda unguwa ke kira Maestro, bai kwanta ba. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bara.

Rachidi, ɗaya daga cikin ukun, bai ce uffan ba, domin gidan ya san muryarsa. Da hannu ya nuna ɗakin ƙurya, ƙarƙashin gado. Muhuyi, ƙaton cikinsu, ya janyo akwatin ƙarfe ya fasa kwaɗon. Ga su nan: manyan faya-fayan zare irin na dā, cikin kwalaye masu fumfuna. Gwaje-gwajen waƙoƙin Les Enclumes ne, ƙungiyar su Maestro ta kiɗan rok mai zafi da ta girgiza garin a shekarun tamanin. Ba a taɓa fitar da ko ɗaya kasuwa ba.

"'Ya'yana," in ji tsohon, bakinsa a karkace, "ku ɗauka. Amma don Allah kada ku kunna su."

"Rufe mana baki!" Muhuyi ya kai masa gindin bindiga a goshi.

Rachidi ya ji bugun har cikin haƙoransa. Ba haka aka shirya ba.

"Mu tafi!" in ji Chérif.

Kafin a yi sallama, babura biyu sun ɓace a lungu.

Ba kuɗi ya kawo Rachidi ba. Mahaifinsa Zakari shi ne mawaƙin Les Enclumes, ya rasu yaron bai fara tafiya ba. Hoto ɗaya ya bari, murya kuwa babu sai a akwatin nan. Sau nawa Rachidi ya durƙusa gaban Maestro yana roƙon a kunna masa, amsa ɗaya ce: "Ba yanzu ba." Da ya ji wani Bature mai kamfanin faifai na zuwa saye, sai ya yanke cewa tsohon zai sayar da ubansa ne a ɓoye. Ya kai maganar wurin Chérif, wanda ke gyaran rediyo a gaban shago, yana sayar da wayoyin sata a baya. Sharaɗi ɗaya ya kafa: su ci kuɗin, shi a kwafa masa muryar.

A gidan Maestro, Sufeto Kamaludeen ya tsaya yana duban kwaɗon da aka fasa.

"Ba su taɓa talabijin ba. Ba su buɗe durowa ba. Wa ya san akwatin nan, malama?"

"Mutane da yawa," in ji Saoudatou.

"Mutane da yawa ke leƙa ƙarƙashin gadon mahaifinki?"

Ta sunkuyar da kai. "Akwai rami a bakin ɗakin. Baƙo duk sai ya yi tuntuɓe. Ɗaya daga cikinsu ya tsallake shi bai ko duba ƙasa ba."

"Sunansa?"

"Ban ga fuska ba."

 Tsohon, da tsumma a goshi, ya kama hannun rigar sufeton.

"Ranka ya daɗe, ku yi sauri. Zaren ya sha danshin teku shekara da shekaru, ya yi danƙo. Sai an gasa shi a hankali cikin wata na'ura kafin ya kunnu, ita Baturen zai kawo. In suka ɗora shi haka, inji zai kankare kiɗan tas."

A bayan shagon Chérif an tura ƙofa. Zafi kamar gidan burodi. Chérif ya cire hula, bai cire ido daga kan Rachidi ba.

"Kai, ɗan marigayi. Me ya sa tsohon ya ce kar mu kunna?"

"Ina zan sani, shef?"

"Ni na sani. Babu komai a ciki. Na gaskiyar suna wani wuri. Kun haɗa baki, ku ɗora mana sata, ku ci kuɗin Bature ku biyu."

"Wallahi ban—"

"Oga, da na doki tsohon na ga yaron nan ya zabura," in ji Muhuyi. "Kamar ubansa na taɓa."

"To a kunna mu ji." Chérif ya sauko da wani tsohon inji daga kan kanta, ya hure ƙura, ya haɗa shi da babbar lasifika. "In na ji shiru, nan za ka kwana har abada."

Rachidi bai yi musu ba. Abin da ya jira ke nan tun yana yaro. Da hannunsa ya zaro faifan da ke sama, ya zarga zaren.

"Bari in duba waje," in ji Muhuyi.

Injin ya juya. Shuuu... Tari. Dariyar maza. Sanda ta bugi sanda, sai gita ta fashe kamar an tsaga kwanon rufi! Ganguna suka biyo, kwalabe na rawa a kan kanta. Sannan murya ta shigo, kakkaura, mai tsatsa, tana ihu da Hausa a kan jirgin ƙasa da ya tafi arewa bai dawo ba.

 Rachidi ya dafa bango.

"Baba," ya ce a hankali.

Sai muryar ta fara shaƙewa. Injin ya soma ƙugi. Wani baƙin danƙo na taruwa a inda zaren ke gogawa, abin da ke fitowa ta ɗaya gefen kuwa fes, kamar leda.

"Kashe! Shef, kashe shi!"

"Me ka yi masa? Munafuki!" Chérif ya zaro bindiga. Ya waiwaya zai kira Muhuyi — babu Muhuyi, babu akwati. Ya bangaji ƙofa. An datse ta da sakata ta waje!

"Ɗan iska! Ya sayar da mu!"

A waje jama'a sun taru. Labarin fashin ya zaga Zongo tun a masallaci, ga kuma gitar da tsofaffin unguwa ba su manta ba tana fita daga shagon mai gyaran rediyo. Motar 'yan sanda ba ta sha wahalar neman hanya ba.

"Polis! Ku fito hannu a sama!"

Chérif ya harbi ƙofar. Aka amsa masa daga waje — tau! tau! Ya zame jikin kanta, bai sake motsi ba.

Muhuyi bai kai iyakar Najeriya ba. A kan gadar Akpakpa ya hango shingen 'yan sanda, ya ga ba wurin juyawa, ya ɗaga akwatin ya jefa cikin ruwa. Da ankwa aka sauko da shi. Masunta sun laluba, ba su sami komai ba.

Mutum ɗaya a makabarta, biyu a tsare, sauran aikin Les Enclumes gaba ɗaya a ƙasan ruwa.

Washegari Saoudatou ta turo mahaifinta a keken guragu har komisariya, ofishin 'yan sanda. Sufeton ya bar su a bakin ƙarfen ɗakin da aka tsare Rachidi. Ita ba ta dubi Rachidi ba.

"Kawu, ka yafe mini," in ji shi.

"Bar wannan. An ce kun kunna ɗaya. Me ka ji?"

Rachidi ya rera ɗan abin da ya kama, na jirgin da bai dawo ba. "Ko banza na ji shi, Kawu. Sau ɗaya, amma na ji muryar babana."

Tsohon ya runtse ido.

"Ranar nan Zakari ya makara," ya ce. "Ni na riƙe masa makirfo kafin ya iso. Shi a faifai na biyu ya shigo."