Rubutu Sittin da Uku a Wayar Dahabo

A watan Disamba rana ba ta daɗewa a Minneapolis. Ƙarfe huɗu da rabi magariba ta riga ta faɗa, fitilun titi sun kama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe motocin unguwa, ko'ina tsit. A irin wannan lokaci ne Hibo take tsaye a kicin tana tafasa shayi da kirfa da kanumfari, shinkafa na turara a gefe, sai ta ji wani abu ya bugi rufin gidan. Ta dakata da cokali a hannu. Aka ƙara na biyu, aka ƙara na uku, sannan ta ji suna gangarowa a hankali har suka faɗo bayan taga.

Ta buɗe ƙofar baya ta leƙa. Tsakuwa ce guda uku, baƙaƙe, jiƙaƙƙu, masu santsi irin na bakin teku. Kuma babu sawun kowa a kan ƙanƙarar, ko na kyanwa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da rasuwar surukarta, Dahabo. Mijinta Guled direban tirela ne, yakan yi wata guda a hanya, kuma da aka tashi daga zaman makoki ya koma bakin aikinsa. Gidan ya rage daga Hibo sai 'yarsu ɗaya tilo, Sagal, mai shekara goma sha tara, wadda take karatun aikin jinya a wani gari, ta zo hutun hunturu.

"Hoyo," Sagal ta kira uwarta daga falo, "ke kika yi mini rubutu a waya?"

"Ina ruwana da wayarki? Ni da girki ya sha mini kai."

"To wa ya rubuta wannan?"

Wayar ta marigayiya ce. Ta Sagal ta faɗi ta fashe, ubanta ya ce ta riƙe ta kakarta. Dahabo malamar makaranta ce a can gida, a garin Marka, tun kafin yaƙi. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta shekara uku da suka wuce, ta ɗauke mata magana da hannun dama, sai wayar ta zama bakinta. Da yatsa ɗaya na hagu take rubuta abin da take so, ta ɗaga a karanta. Ranar da Guled ya tafi, kafin Hibo ta miƙa wa yarinyar wayar, ta shige banɗaki ta kulle ƙofa, ta buɗe wurin ajiyar rubutu, ta ga abin da tsohuwar ta tara a ciki. Layi biyu kawai ta karanta, ta goge duka.

Yanzu ga rubutu ɗaya a saman na Sagal, ba shi da suna, lokacinsa huɗu da minti talatin da takwas na yau. Da harshensu aka yi shi, wanda Sagal take ji amma ba ta iya rubutawa ba. Kalma uku ne: Ƙishirwa nake ji.

"Goge shi," in ji Hibo. "Shirmen waya ne."

Ta goge. Washegari da magariba duwatsu suka sake sauka, rubutun ya dawo. Haka jibi. Sagal yarinya ce mai tsari, kowane darasi da jakarsa a cikin wayar, har jerin cefane da nasa wurin. Ta bi jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, ta nemi kalmar a wurin bincike, ta jera komai bisa kwanan wata. Rubutun ba ya cikin kowace jaka. Da rana babu shi, rana na faɗuwa sai ga shi.

A yamma ta huɗu ta ce, "Saura kwandon shara ban duba ba."

"Wane kwando kuma?"

"Haba Hoyo, ke dai baƙauyiya ce a harkar waya. Ai abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Can ƙasa yake zama, sai ya yi kwana talatin sannan ya ɓace da kansa."

Hibo ta juya ta koma kan tukunyarta. "Ajiye wayar nan ki zo ki yanka mana ayaba, abinci na hucewa."

Yarinyar ba ta kai ga amsawa ba. Daga ɗakin ƙasa, inda Dahabo ta yi shekara uku a kwance kusa da injin ɗumama gida, aka ƙwanƙwasa bututun ruwa da cokali. Sau uku, aka huta, aka ƙara sau uku. Haka tsohuwar take kira in tana da buƙata. Sagal ta miƙe za ta nufi matakala, sai ƙafarta ta dama ta ƙi ɗaguwa. Bakinta ya karkace gefe ɗaya, hannun dama ya naɗe a ƙirjinta, ta zube a kan darduma. Hannun hagu kuwa ya damƙe wayar. Hibo ta yi ta ƙoƙarin ɓanɓare yatsun har farcenta ya karye, amma kamar da ƙarfe aka yi su.

Ta kai ta asibiti. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka gwada jini, ba a ga komai ba. Da safe ma yarinyar ta miƙe sarai, sai dai gajiya, kuma ba ta tuna komai, amma wayar ba ta barin hannunta. Suka dawo gida. Da magariba ta yi, abin ya dawo, ta ja ƙafa ta sauka ɗakin ƙasa, ta kwanta a gadon da babu katifa, tana kallon bututu.

Hibo ta san ba ciwon asibiti ba ne. Ta kuma san gidan Shehi Warsame, mai yi wa mutane ruƙiyya, bai fi tafiyar minti goma ba. Amma ta ɗauko kalanda ta ƙirga: saura kwana ashirin da uku. In ta daure, kwandon zai share kansa, sannan ta kira duk malamin da za a kira.

Ta ce wa kanta yarinya ce, jikinta zai ɗauka. Ta ce wa kanta ai ita ma an cuce ta. Shekara ashirin Dahabo tana yi mata gorin haihuwa ɗaya, kuma mace. Sannan da jikin tsohuwar ya mutu, ba 'ya'yanta mata da ke Kanada aka ɗora wa ɗawainiya ba, ita aka ɗora wa, ta dawo daga aikin naɗe kaya a sito bayanta na ciwo, ta tarar da zanin gado a ɓace. Duk wannan gaskiya ne. Amma kullum sai Sagal ta ƙara ramewa. Leɓunanta suka tsattsage, domin in abin ya zo ruwa ba ya wucewa ta maƙogwaronta. In Guled ya kira, Hibo ta ce mura ce, tana barci. In maƙwabta sun ƙwanƙwasa, ta ce ba ta nan.

Ranar da gogewar ta cika kwana ashirin da tara Guled ya dawo, kwana biyu kafin lokacin da ya faɗa. La'asar ta yi sanyi ya shigo, da jakarsa a kafaɗa yana cewa, "Ina likitar gidan? Ko ba za a tarbi tsoho ba?" Da ya ga 'yarsa, jakar ta suɓuce. Ya juya ya fita. Da ya dawo, tare da Shehi Warsame ya dawo, wani siririn dattijo mai jan gemu na lalle, ƙanƙara a kan hularsa.

Suka yi sallar magariba a falo, duwatsu na sauka a rufi kamar ana zuba wake a faranti. Sannan suka sauka ƙasa. Shehin ya zauna a bakin gadon, ya dafa goshin yarinyar ta kan mayafi, ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kuma ba da gaggawa ba. Ya daɗe yana yi. Injin ɗumama gida ya mutu da kansa, numfashinsu ya fara fita kamar hayaƙi. Can sai karkataccen bakin ya buɗe.

"Ya isa, Warsame. Kana ƙona ni."

Muryar ba ta Sagal ba ce, ba kuma ta Dahabo ba. Kauri gare ta, da wani gurnani a ƙasa kamar ruwa na jan tsakuwa.

"Wane ne kai?"

"Abokin zaman Dahabo. Tana 'yar shekara bakwai na gan ta a bakin teku. Na bi ta sansanin gudun hijira, na bi ta jirgi, na shiga ramin nan tare da ita. Ban taɓa cutar da ita ba."

"To me wannan yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Ita kaɗai ce take goge wa tsohuwar baki in ta zo hutu."

"Ashe kai azzalumi ne."

"Na zagaya jikin waccan matar ban sami inda yake mata ciwo ba, sai nan, jikin 'yarta." Idon yarinyar ya juya ya tsaya a kan Hibo. "Nan ɗin ma ashe ba sosai ba. Tambaye ta me take ƙirgawa a kalanda."

Guled ya waiwayo. Hibo ta sunkuyar da kai.

"Fita," in ji Shehin, "ko in ƙone ka ƙurmus."

"Zan fita. Amma sai ta buɗe kwandon ta karanta da bakinta, a gaban ɗan Dahabo."

"Ba a ciniki da irinku." Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Sagal ya banƙare har bayanta ya bar gadon, jini ya fara ɗiga daga hancinta. Muryar ta fito a tsakanin haƙora: "Ƙona ni. Amma da harshenta zan tafi."

Shehin ya tsaya. Ya dubi iyayen ya ce, "Ku sani, aljani maƙaryaci ne. Yana iya faɗin gaskiya ɗari don ya cusa ƙarya ɗaya. 'Yar'uwa, ba zan tilasta miki ba."

Hibo ta dubi wayar. Gobe war haka babu abin da zai rage a cikinta. Ta dubi jinin da ke gangarawa cikin kunnen 'yarta. Ta miƙa hannu, yatsun nan suka saki da kansu.

Can ƙasan jakunkuna ta sami kwandon. Rubutu sittin da uku. Ta fara karantawa daga mafi daɗewa.

"Yau Guled ya tafi. Ta kulle ƙofar sama."

"Gaskiya ne ko ƙarya?" in ji muryar.

"Gaskiya ne."

"Na buga bututu tun azahar. Ta ƙara sautin talabijin."

"Gaskiya ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

Haka suka yi ta tafiya. Ranar da ta ajiye kofin ruwa a ɓangaren hannun da ya mutu. Ranar da ta bar ta cikin ƙazanta har washegari. Ranar da ta ce mata tirelar Guled ta kife, ta tsaya tana kallon kukan da ba ya fita, sannan ta ce wasa take yi. Ranar da tsohuwar ta rubuta cewa ba za ta nuna wa ɗanta ba, don kada gidansa ya watse. Sau sittin da biyu Hibo ta ce gaskiya ne. Guled yana jingine da bango, ya daina share hawaye, ya bar su suna shiga gemunsa.

Ta buɗe na ƙarshe, ta karanta kafin ta gane me take karantawa.

"Na ga tana zuba ƙwayoyina a masai. Kwana tara ban sha magani ba. Na san abin da take jira."

Ta ɗago a firgice. "Ƙarya ne! Wallahi wannan ƙarya ne!"

Kuma ƙaryar ce. Duk abin da ta yi, magani ne kaɗai ba ta taɓa tsallakewa ba. Safe da yamma take daka shi ta zuba a kunu, ta ɗura mata da cokali, ko da tana zaginta.

Bakin Sagal ya yi wata 'yar dariya, gajera. "Na cika alkawari, Warsame." Ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa, ya tsaya. Bakin ya miƙe, hannun ya warware, injin ɗumama gida ya tashi. Yarinyar ta buɗe ido ta dubi ubanta ta ce, "Abo, ruwa."

"Shehi, duba ranar da aka rubuta shi!" Hibo ta tura masa wayar. "Ba ita ta rubuta ba, duba!"

Ya karɓa ya duba. Kwandon wayam, babu ko ɗaya.

"Na gaya muku halinsu," in ji shi a hankali. "Guled, kada ka yanke hukunci da maganar aljani."

Guled yana riƙe da kan 'yarsa yana ba ta ruwa. Bai ɗago ba. "Ba maganar aljani na ji ba, Shehi. Tata na ji, sau sittin da biyu."

Bai saki Hibo ba, bai kuma taɓa ɗaga mata murya ba. Sagal ta warke, ashe kuma a wannan yamma kunnenta na buɗe, ta ji komai. Ta koma makaranta kafin hutu ya ƙare. Duwatsu ba su sake sauka ba. Hibo ta rantse da Alƙur'ani a gaban miji, ta rantse a gaban 'ya, kowannensu ya ce, "To, Allah ne masani," ya tashi ya fita.

Bayan shekara shida aka yi wa Guled aikin zuciya, aka sallamo shi gida da kwalaben magani huɗu. Sagal, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ta yi mako guda tana kula da shi. Ranar da za ta koma, Hibo ta soya mata sambusa ta naɗe a takarda, ta kawo falo ta tsaya da shi a hannu. Sagal ta zazzage ƙwayoyin a kan tebur, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban uwarta, ta rubuta adadin kowace kwalba a kan murfinta da biro.

"Ranar Juma'a zan dawo, Abo," ta ce. "Zan sake ƙirgawa."