Saniyar Na Allah Ta Hana Nono

A shekarun da Turawa ba su kai ga Tasawa ba, wata safiyar Talata, aka kawo ƙara fada cewa mutanen garin Hawandawaki za su kori wata tsohuwa, A'i, kafin faɗuwar rana. Wai mayya ce, ta kama saniyar maƙwabcinta Na Allah, kwana huɗu ba a tatsi ko ɗigo ba.

Aka tura Mai Nasara, babban dogarin da ke binciken ƙararraki. Da hantsi ya isa. Ya tarar an watso tukwanen tsohuwar waje, ita kuma tana zaune cikin rana, ba wanda ya ba ta ko ruwa. Ransa ya ɓaci.

"Wa ya ba ku izni?" ya daka tsawa.

Wani ƙaƙƙarfa ya matso, Yahaya ƙanen Na Allah. "Ranka shi daɗe, ni na gan ta da idona. Ta tsaya bakin danga tana kallon saniyar, kashegari nono ya ƙafe."

"Kallo? To ni ma ga ni ina kallonka. Ka ƙafe?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mai Nasara ya wuce wurin turke, ya sa aka kira Zara'u matar Na Allah, mai tatsar.

"Gwada mani yadda kika saba."

"Maraƙar nika fara saki, ta tsotsa kaɗan. In uwar ta saki nono sai in janye ta, in sa ƙwarya. Yanzu kuwa ko kusa ba ta bari."

Ta kwance jar maraƙar. Tana kai baki, saniyar ta harbe ta, ta juya kai gabas ta yi wani dogon kuka.

Mai Nasara ya durƙusa ya taɓa hantsar. Cike take tam, har da zafi.

"Wane ƙafewa? Ga nono nan maƙil. Riƙe shi ta yi." Ya dubi Zara'u. "Kun canza mata turke? An doke ta? Akwai ciwo a kan nonon?"

"Ko ɗaya."

"Maraƙar fa, haka take da rama?"

"Dā ɓul-ɓul take. Dare ɗaya ta zube. Shi ya sa muka ce ita ma an kama ta."

Ya shafa bayan maraƙar. Wani farin gari ya manne masa a tafi. Ya ɗanɗana. Kanwa.

"Ke kika shafa mata?"

"Ni? A kan mi?"

Mai Nasara ya yi ƙuruciyarsa kusa da rugar Fulani. Ya san in ana son saniya ta karɓi ɗan da ba nata ba, akan shafa masa kanwa don ta lasa ta saba da shi. Wa zai yi wa uwa wannan dabara a kan 'yar cikinta?

Ya koma wajen taron. "Wa ke da jar maraƙa kuma a garin nan?"

Na Allah ya ce, "Sai ƙanena. Bijimi guda ya haife su, mako biyu tsakani."

"Yahaya, ina saniyarka?"

"Tana daji wajen kiwo, ita da 'yarta."

Daga inda take zaune, A'i ta ɗaga murya. "Kiwo? Kirgin da ke shanye bayan rumbunka, na jaki ne?"

"Rufe mana baki, mayya!"

"Kai ne za ka rufe naka," in ji Mai Nasara. "Zara'u, kwance saniyar."

"Za ta gudu, ranka shi daɗe."

"Abin da nika so ke nan."

Igiya na faɗuwa, saniyar ta bi ta ƙofa da sassarfa, mutane na biye. Ba ta nufi rijiya ba, ba ta nufi daji ba. Ta yi gabas, ta ratsa gonar wake, ta tsaya gidan Yahaya, ta sa ƙaho ta ture asabarin wata bukka da ke bayan rumbu. Daga ciki wata maraƙa ta amsa.

Ja ce ita ma, amma mai ƙiba. Ta fito da gudu ta kama nono. Uwar ta shiga lasarta, nono na ɗiga har ƙasa. Zara'u ta miƙa ƙwarya, kafin a jima kumfa ya kai baki. Can gefe kuma ga kirgin jar saniya an kafe da turaka.

Mai Nasara ya juyo ga Yahaya, ya nuna kirgin. "Wadda ke kiwo ke nan?"

Yahaya ya zube. "Kumburin ciki ya kashe ta ran Alhamis. Maraƙata ba ta cin komi, mutuwa za ta yi. Ta Yaya kuwa ta fara cin dusa. Na ce in shafa mata kanwa in musanya, launi guda ne, wa zai gane? Da na ga saniyar ta ƙi, na ji tsoro a bincika."

"Sai ka jefa wa tsohuwa maita."

Na Allah ya riƙe baki. "Da ka roƙe ni, ai da na raba maka nonon. Uwa ɗaya uba ɗaya, Yahaya!"

"Kai ma kada ka wanke kanka," in ji Mai Nasara. "Kwana huɗu dabbarka na nuna maka gabas, kai kana nuna gidan Iya A'i. Duk wanda ya fidda tukunya ya maida ta da hannunshi, ina tsaye."

Suka kwashe, kowa kai a ƙasa. Ya ɗauki igiyar saniyar ya ɗaure hannuwan Yahaya, ya tasa shi gaba zuwa Tasawa.

Zara'u ta durƙusa gaban tsohuwar da ƙwaryar nonon. "Iya, ki yi haƙuri, ki sha."

A'i ta dubi kumfan, ta ture ƙwaryar a hankali.

"Kai wa marainiyar maraƙar can. Ita kaɗai ce ba ta ce mani mayya ba."