'Yar Hular Bayan Faifai

A can baya, lokacin da kwamfuta take baƙuwa a gidaje, an yi wani malami mai gaggawa. Faifan ajiyar kwamfutarsa ya cika da littafin da matarsa ta shekara uku tana rubutawa, sai ya sayo sabo ya haɗa su a waya ɗaya.

Ya kunna, shiru. Ya canza waya, ya kunna, shiru. Ya bubbuga akwatin kwamfutar, ya zagaya ɗaki, ya kunna, shiru.

Ya ce, "Tsohon faifan nan ne mugun! Bari in cire shi in wurgar."

Matar ta ce, "Malam, shekara uku fa! Karanta rubutun bayansa tukuna."

"Ina na ga lokaci?"

Ya kai hannu, sai ya ga idonta ya kawo ruwa. Ya zauna, ya karanta a hankali. Ashe kowane faifai yana da 'yar hular roba mai nuna matsayinsa, kuma dukansu an sa musu ita a gurbin shugaba. Shugaba biyu a waya ɗaya, kowa na magana, ba a jin kowa. Ya matsar da ta sabon zuwa gurbin mabiyi. Ya kunna, ga littafi.

Matar ta ce, "Ka gani, Malam? Ko faifai, sai da ɗaya ya yi shiru aka ji ɗayan."