Nazmeen Ba Ta Jin Wari

"Haba 'yar'uwa, rotin nan ai ya ƙone. Ba ki ji ƙaurinsa ba kika naɗe min?"

"Ban ji ba," in ji Nazmeen. "Ba na jin ƙauri, ba na jin ƙamshi. Kawo in canza maka."

Nazmeen 'yata ce, ita kaɗai Allah ya bar min. Roti, wato gurasarmu ta fulawa, da miyar kabewa muke sayarwa a bakin kasuwar garinmu Labasa. Shekarar da babanta ya rasu zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, hancin bai tashi ba. Mai ƙorafin kuwa Imraz ne, direban motar rake. Ya yi tsaye yana kallonta, kunya ta kama shi. Bai mayar da rotin ba, a tsaye ya cinye shi har baƙin.

Washegari sai ga shi.

"A ba ni ƙonanne."

"Yau babu."

"To zan jira ki ƙona."

Daga nan fa waya ba ta huta ba. Ni karatuna bai kai ko'ina ba, ita ke karanta min saƙonninsa tana rufe fuska da gyale.

"Mai Ƙonanne, ina kan layin sauke rake tun safe. Yunwa da kewarki sun haɗu min."

Ta mayar masa: "Ka sha rake mana, ai mota guda gare ka."

Yaron yana sallah, yana gaida mutane. Na ce Alhamdulillahi.

Uwarsa ce ta ƙi. Zubeda sunanta, kowa ya san abin da ya same ta. Gidansu a bakin kogi yake, in ruwan teku ya janye laka na wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wata rana mijinta Munaf ya shiga kicin zai dafa shayi, ya ji wari, ya ce laka ce, ya ƙyasta ashana. Ashe gas ne. Ita ta jawo shi waje, har yau hannuwanta tabo ne zuwa gwiwa. Bai yi mako a asibiti ba ya cika. Imraz yana ƙarami lokacin.

Da ƙafarta ta zo kasuwa ta same ni.

"Ba ƙin 'yarki nake ba, Allah ya sani. Amma ɗa ɗaya gare ni. Ba zan haɗa shi da matar da gas zai cika mata ɗaki tana waƙa ba."

Na ce, "Na koya mata. Duk sabuwar tukunya sai ta shafa wa tiyo kumfar sabulu ta duba. Kunnenta kuma ya fi nawa."

"Sabulu," in ji Zubeda. Ta ja gyalenta ta tafi.

Ba a jima ba ta kira Farisha, 'yar ƙaninta, daga birnin Suva, da nufin haɗa ta da Imraz. Nazmeen ta ga Imraz a tashar mota riƙe da jakar yarinyar, suna dariya. Da yamma saƙo ya shigo.

"Rabin raina, Ammi ce ta aike ni ɗauko ta. Wallahi jaka kawai na ɗauka."

Ta rubuta masa: "Ka bi maganar Ammi. Gaskiya ta faɗa, ni ba zan iya tsare ka ba. Kar ka ƙara zuwa."

Ya yi ta kira, ba ta ɗauka. Tana murza roti hawaye na ɗiga a kan katako, in na yi magana ta ce albasa ce. Ta rame har awarwaron da ya saya mata suka fara zamewa. Rannan ta cire su ta ce min, "Ammi, raka ni in mayar. Yanzu yana wajen aiki."

Bayan azahar muka je. An yi ruwa, duk tagogin gidan a rufe. Tun daga ƙofa wari ya bugi hancina, na ce yau kam laka ta yi ƙarfi. Muka yi sallama, shiru. Muka ƙara, shiru.

"Ammi, tsaya," in ji Nazmeen. "Kina jin wani huci?"

Ta tura ƙofa. Zubeda na tsaye a kicin, baya jingine da bango, idonta a kan tukunyar gas. Hannunta ɗaya na laluben makunnin fanka.

"Khala," in ji Nazmeen, wato Inna ke nan a wajenmu, "kar ki taɓa makunnin nan. Sauke hannunki. Yauwa, ba ni shi."

Ta kama hannun mai tabo ta jawo ta waje, ta danƙa min. "Ku tafi can bakin hanya. Ammi, kar ki kunna komai, kar ki taɓa waya sai kun yi nisa."

Ta toshe hanci da gyale ta koma, ta murɗe kan tukunyar ta rufe, ta wangale ƙofar baya da tagogi, ta fito da sauri. Ni dai Hasbunallahu kawai nake ja. Sai da muka tsaya ƙarƙashin mangwaron maƙwabta sannan ta kira 'yan kwana-kwana, ta kuma kira Imraz. Ta hana kowa shiga gidan. Da suka zo suka duba, ashe ɓera ne ya ci tiyon.

Imraz ya baro mota da rake a hanya ya iso a guje. Ya durƙusa gaban uwarsa yana taɓa fuskarta.

"Na ji warin," in ji Zubeda, muryarta can ƙasa. "Tun da fari na ji, na kuma san ba laka ba ce. Ƙafafuna ne suka ƙi. Babanka kawai nake gani a tsaye wurin."

Nazmeen ta kwance ƙullin awarwaron ta ajiye mata a cinya.

"Khala, dama wannan na kawo."

Zubeda ta daɗe tana kallonsu. Sai ta kamo hannun yarinyar ta zura mata su ɗaya bayan ɗaya.

"Beti, 'yata, ki yafe min. Shekara da shekaru ina gadin gidan nan da hanci, yau ga inda ya kai ni."

Imraz ya share ido da hannun riga. "Mai Ƙonanne, in dawo kasuwa gobe?"

"Ka fara ɗauke motar mutane daga hanya."

Da aka gama yankan rake aka ɗaura aure. Farisha ce ma ta yi wa amarya lalle. An ci palau, shinkafarmu ta biki, liman ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan iyayensu maza biyu da ba su ga ranar ba. Wurin nan kam na yi kuka, ban ɓoye ba.

Za a fita da amarya Zubeda ta shigo ɗaki da wata 'yar kwalba. Turare ne, wanda Munaf ya sayo mata kafin abin ya faru. Tun ranar ba ta buɗe ba. Ta buɗe da ƙyar, ta shafa wa Nazmeen a wuya da bayan kunne. Ƙamshi ya cika ɗakin. Zubeda ta runtse ido.

Nazmeen ta kai wuyan hannunta hanci, ta ja numfashi, ta sake ja. Sai ta riƙe hannun surukarta.

"Ammi, yaya ƙamshinsa yake? Don Allah ki faɗa min."