Ranar da Nolan Ya Ƙwanƙwasa Ƙofar Lamont

Ranar da Odessa Pruitt ta fara ganin Nolan, zafi ake yi irin na ƙarshen Yuli, wanda ko kare ba ya yarda ya bar inuwa. Ƙungiyar ƙwallon garinmu ta buɗe sansanin atisaye. Kakar wasa da sauran lokaci, amma jama'a sun cika tudun da ke bayan shingen waya da kujerunsu na naɗewa da kulolin ƙanƙara. Mu dai haka Allah ya yi mu da wannan ƙwallo tamu mai kama da ƙwai. Ko gudu kawai yaran suke yi da hular kwano a ka, sai mun je mun gani, mun dawo mun yi gardama.

Gardamar wannan shekara kuwa a kan sabon mai horarwa ce, Koci Brannigan. Mutumin ya hana 'yan wasa kayar da juna a atisaye, yana kuma ba manyansu ranar hutu. Rabin gari suka ce hikima ce, yana tattalin ƙasusuwansu. Rabi suka ce renon jarirai ya zo yi. Shugaban wannan rabin na biyu shi ne mahaifin Odessa, Mista Cleavon, tsohon direban bas, wanda kullum safiya sai ya buga waya gidan rediyo ya nemi a kori Brannigan.

“Brannigan!” ya ƙwala daga kan tudu. “Wannan atisaye ne ko rawar coci? Bar su su daki juna!”

Odessa ta ja hularta ta rufe fuska. Ita ƙaninta Lamont ta zo gani, wanda yake cikin sababbin yaran da ake gwadawa.

“Baba, don Allah. Lamont yana jin ka.”

“Ya ji mana. Ni na haife shi.”

Sai ga wani dogon saurayi sanye da rigar masu horarwa ya nufo shingen, riƙe da gorar ruwa biyu masu raɓa. Ya miƙa ɗaya cikin ladabi.

“Yallaɓai, Koci ya ce a kawo maka. Ya ce ka jiƙa maƙogwaro, gobe ma akwai atisaye, kada muryar ta dishe mu rasa ta.”

Tudu ya kwashe da dariya. Mista Cleavon ya harare shi, ya harari gorar, ya fizge ya sha rabi.

“Wannan ɗayar fa?” Odessa ta tambaya. “Ita ma Koci ne ya aiko?”

“A'a,” in ji saurayin, ya ɗan sunkuyar da kai. “Wannan ni na ƙara.”

Sunansa Nolan Baptiste, ƙaramin mataimaki ne a cikin masu horarwa. Ya taɓa buga ƙwallo a jami'a har gwiwa ta ce masa ya isa. Da aka tashi, lokacin da iyalai ke sauka su gaisa da yaransu, Lamont ya haɗa su, ya ce wannan ne mai tsayawa da shi bayan atisaye yana jefa masa ƙwallo har hannu ya gaji. Kafin Odessa ta koma asibitin yara inda take aikin jinya, lambar wayarta ta riga ta shiga wayar Nolan, kuma har yau ba ta yarda ita ta bayar ba.

Washegari saƙo ya shigo:

“Sarauniyar tudu, yau na duba ban gan ki ba. Babanki dai ya zo, ya ce min kwale-kwalen da ba matuƙi ya fi mu sanin hanya.”

Ta amsa: “Mai ruwa, wasu suna da aikin yi. Ka ce ya gode, ai yau da sauƙi ya yi muku.”

“Zan jure zaginsa har kakar baɗi, in dai ke za ki riƙa zama kusa da shi.”

Ta karanta wannan sau ba adadi, tana murmushi ita kaɗai a ɗakin magani.

To, kun san so ba ya ɓuya. Mamanta, Verna, ce ta gayyato Nolan cin abincin Lahadi bayan coci: soyayyar kaza, ganye da aka daɗe ana dafawa, burodin masara mai zafi. Yaron ya ci, ya yaba, ya kwashe kwanuka. Yana fita Mista Cleavon ya ajiye cokali.

“Duk samarin garin nan, Odessa, sai ɗan aiken Brannigan?”

“Baba, ba shi ne Brannigan ba.”

“Gindinsa yake zaune. Ki saurare ni, ba wasa nake ba. Waɗannan mutane ba su da gida. Ran da aka kori babban, da shi da ƙananan duk a mota ɗaya suke barin gari. Bana nan, baɗi can ƙarshen duniya. Haka kike so ki yi ta naɗe labule? Ga Desmond nan, yaro mai hankali, yana nan daram.”

Desmond Pike shi ne mai gabatar da shirin rediyon da Mista Cleavon ke kira. Ya daɗe yana zagaye gidan da turarensa mai hawa kai. Duk abin da tsoho ya faɗa, sai ya ce, “Gaskiyarka, Baba Cleavon, ka fi su sani.”

“Desmond ko ka ce masa rana daga yamma take fitowa, zai ce gaskiyarka,” in ji Odessa.

“Ladabi ke nan!”

Mama Verna dai ta ƙara wa mijinta shayi mai ƙanƙara.

Ana nan ana nan, Agusta ya zo ƙarshe, ranar da kowa ke tsoro ta ƙarato. Yara casa'in ne a sansani, hamsin da uku kawai za a riƙe, sauran a sallame su. Kuma ga yadda ake yi tun kaka da kakanni: ba babban koci ne ke zuwa ya gaya maka ba. Ƙaramin ma'aikaci ake aikawa da safe ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinka a masauki, ya ce, “Koci yana son ganinka, ka zo da littafin dabarunka.” Da ka ji haka ka san tafiya ta zo. Shi ya sa a wannan safiya ƙarti majiya ƙarfi suke zama shiru a bakin gado, suna sauraren takun ƙafa.

Wajen hantsi Lamont ya dawo gida da jakarsa. Bai yi kuka ba, ya dai rungume mamansa ya shige ɗaki. Mista Cleavon ya tsaya a bakin ƙofa.

“Wa suka aiko maka?”

Murya ta fito daga ciki: “Nolan.”

Odessa ta ji kamar an zare mata ƙasa. Jiya-jiya suka yi waya, yana ba ta labarin wani kifi da kakarsa ke dafawa, bai ce uffan ba. Ta ɗauki waya ta kira shi.

“Gaskiya ne kai ne?”

“Ni ne, Dessa. Ki bari in zo in yi miki bayani.”

“Ka ci abincin uwarsa, ka zauna a kujerarsa. Kada ka zo.”

Bai zo ba. Saƙo ɗaya ya ƙara turowa: “Na ji. Ba zan dame ki ba. Amma ina nan inda kika bar ni.”

Washegari duk gari ya ji Mista Cleavon a rediyo, yana cewa masu horarwar nan ba su san ƙwallo ba, ba su kuma san kunya ba. Desmond ya bar shi ya yi ta yi, har talla aka jinkirta. Da yamma Desmond ya zo gidan da furanni. Odessa ta karɓa ta sa a ruwa, don furanni ba su yi mata laifi ba, ta koma ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki ta tarar da Lamont a bayan gida yana ɗaure takalmin gudu. Ya dube ta, ya ga idanun.

“Yaya Dessa, wai fushi kike da mutumin nan saboda ni?”

“To saboda wa?”

“Zauna.” Ya matsa mata a kan matakala. “Da safiyar ranar aka ba su sunayen waɗanda za a sallama, shi ma bai sani ba kafin nan. Su biyu ne masu ƙwanƙwasawa. Ɗayan ya ce masa, bar min Pruitt, na san akwai magana tsakaninku. Shi ɗayan ne ya gaya min da bakinsa. Nolan ya ce a'a. Ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ce, Lamont, ni ne. Ya ce ya fi so in ji daga wanda ya ga duk zufar da na zubar.”

Odessa ta zauna kusa da shi.

“Kin san barandar masaukin nan? Doguwa ce, kowa yana leƙe ta ƙofa ya ga wa aka ɗauke. Mai ƙwanƙwasawa yakan faɗi saƙonsa ya wuce ƙofa ta gaba, ya bar ka ka taka ita kai kaɗai. Shi jakata ya ɗauka, ya jera da ni kafaɗa da kafaɗa har ofishin Koci. Da ya ɓuya, ke ba za ki taɓa sani ba, kuma da yanzu kuna shan ayis kirim. Ni dai da shi na fi so.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?”

“Yaya, aikina na rasa. Ban da bakin gyara soyayyar wasu.”

Ta kai masa duka a kafaɗa tana hawaye tana dariya. Ba ta ko shiga gida ba ta rubuta:

“Mai ruwa, na yi maka rashin adalci. Kana inda na bar ka?”

Amsa ta zo kafin ta sauke hannu: “Ko motsi ban yi ba, zumata.”

Kakar wasa ta fara. Wata ƙungiya a can arewa ta kira Lamont cikin yaran atisayenta, an ce Koci Brannigan ne ya buga musu waya da kansa. Tamu kuwa ta shiga cin wasa, 'yan wasanta garau, na wasu suna ɗingishi. Nan da nan Desmond ya juya, ya fara cewa a rediyo shi dama tun farko ya ga basirar Brannigan. Mista Cleavon ya dubi rediyon kamar ya ga ƙuda a miya, ya kashe. Shi kam bai juya ba. Ya ce sa'a ce, kuma sa'a tana ƙarewa.

Da kaka ta ƙare, dusar ƙanƙara a kan rufi, Nolan ya sa kwat ya zo neman aure. Odessa da mamanta suka laɓe a kicin, ƙofa a ɗan buɗe.

Tsoho ya bar shi ya gama jawabinsa tsaf, sannan ya gyara zama.

“Abu ɗaya nake so, yaro. Nan babu kowa, daga ni sai kai. Ka ce Brannigan bai iya aikinsa ba. Faɗi kawai, in ba ka ita.”

Odessa ta matso bakin ƙofa. Ta raɗa, “Faɗi mana, ai ba wanda zai ji.” Mama Verna ta toshe mata baki.

“Yallaɓai,” in ji Nolan, “ina son Odessa fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Gaskiyarka ne, aikinmu ba tabbas, wata rana za a iya korarmu, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma Koci ya ɗauke ni lokacin da ba mai duban gurgu, kuma ya iya aikinsa. Ba zan faɗi haka ba.”

“Ko da za ka rasa ta?”

Nolan ya dube shi. “Sai in dawo gobe in sake roƙo. Amma wannan maganar ba za ta fito daga bakina ba.”

Tsoho ya ƙura masa ido. Can Mista Cleavon ya buga cinyarsa.

“Verna! Fito da yarinyar nan, na san kuna nan!” Ya nuna Nolan da yatsa. “Kocinka bai iya komai ba, wannan ka rubuta ka ajiye. Amma wanda bai sayar da maigidansa a bayan ido ba, ba zai sayar da matarsa ba. In an kore ku, ka kai ta ko ina ne, na san hannun da take. Na ba ka.”

Odessa ta fito da gudu, ta rasa wa za ta fara runguma, sai ta haɗa su duka biyun.

Aka sa biki ƙarshen Yuni, don mutanen ƙwallo ba su da wani lokacin aure sai wannan ɗan tsakanin, bayan atisayen bazara, kafin a buɗe babban sansani. Coci ya cika har waje. Lamont ne babban abokin ango. Mista Cleavon ya riƙo hannun 'yarsa har gaban fasto, yana share ido yana cewa fanka ce ke hura masa. A wajen liyafa kuwa Mama Verna, da gangan, ta zaunar da shi teburi ɗaya da Koci Brannigan. Har aka yanka kek suna jera cokula da kwalaben barkono a kan teburi, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa yadda ake tsare gida.

Amarya ta jingina da kafaɗar angonta tana kallonsu.

“Ka ga abin da ka aura?”

“Na gani,” in ji Nolan. “Na kuma gode Allah.”

Mu ma da muka ci muka sha mun gode masa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa duk garin da aiki ya jefa su ya zame musu gida.