Ettore Ba Ya Shiga Teku Da Abinci A Ciki

Da safiyar Talata, tsakiyar watan Agusta, aka kira Sufeto Oronzo Mazzotta aka ce teku ta fito da gawa a rairayin da ke ƙasan filin da masu yawon hutu ke kafa tanti.

Ko da ya isa, har an lulluɓe ta da tawul. Dattijo ne, daga shi sai gajeren wando, goshinsa a fashe.

"Nutsewa ce, yallaɓai," in ji sajan ɗinsa. "Mai gidan abincin can, Donato, ya ce jiya da idonsa ya ga ya shiga ruwa bayan abincin rana. Oga kuma ya bugo, yana so a rufe maganar kafin yamma, kada baƙi su watse."

Sufeto ya durƙusa ya juya hannun mamacin. Tafin cike yake da baƙaƙen ƙayoyin bushiyar teku, ita kuwa wannan halitta mai ƙaya ba ta zama sai a jikin dutse. Ya duba gabas da yamma. Rairayi ne zalla.

Matar mamacin, Palmira, tana zaune a bakin tantinsu. Kujeru biyu ne, ta ɗora hularsa a kan ɗayar. Daga birnin Torino suka zo. Tun da mijin nata, Ettore, ya bar tuƙin bas, duk bazara sai su ɗauko tanti su bi garuruwan bakin teku, su kwana biyu nan, su ci kifin can.

"Sannu da haƙuri, baiwar Allah. An ce iyo ya shiga bayan kun ci abinci."

"Wanda ya ce haka ƙarya yake."

"Me ya sa?"

"Ƙanensa a haka ya rasu suna yara, ya ci ya ƙoshi ya faɗa ruwa. Tun muna saurayi da budurwa ban taɓa ganin Ettore ya jiƙa ko ƙafa da abinci a cikinsa ba. 'Ya'yan mutane ma kora yake yi daga ruwa, har kunya yake ba ni." Ta ɗago ta dube shi. "Kada ku rubuta cewa gangancinsa ne ya kashe shi, Sufeto. 'Ya'yansa za su ji."

"Me kuka ci jiya?"

"Taliya da kifi. Daga baya Donato ya kawo wani faranti a rufe, ya kashe ido ya ce kyauta ce. Da muka buɗe sai ga dabinon teku."

Sufeto ya gyara tsayuwa. Abin nan mai ɓawo a cikin dutse yake girma, ba a samunsa sai an farfasa duwatsun gaɓa da guduma, shi ya sa doka ta hana ko taɓa shi. Ɗauri ne.

"Sai Ettore ya ture farantin," ta ci gaba. "Ya ce shi ba zai ci ɓarna ba, kuma sai ya gaya wa masu tsaron gaɓa. Muka dawo, na ɗan kishingiɗa. Ya ce bari ya taka abincin ya sauka. Ko sannu ban ce masa ba, barci ya ɗauke ni."

Sufeto ya bi siririyar hanyar da ta ratsa bayan gidan abincin ta gangara wani lungu mai duwatsu. Rana tana dukan ƙeyarsa. A can ƙasa duwatsun sun yi fari fat, an sassare su kamar wurin fasa dutse, bushiyar teku kuma ta yi baƙi a ƙarƙashin ruwa. A cikin wata tsaga ya hango tabarau, ido ɗaya ya fita. Ya naɗe shi a hankici.

Yana hawowa likitan da ya duba gawar ya kira shi a waya.

"Cikinsa cike yake da taliya, huhunsa kuma da ruwa. Amma raunin goshin nan, Oronzo, gefensa a miƙe yake. Dutse ba ya yanka haka."

Lokacin abincin rana ya yi sa'ad da ya shiga wurin Donato. Ƙaton mutum ne mai fara'a, hannunsa na dama a naɗe da tsumma.

"Maraba da hukuma! Zauna, yallaɓai, yau ba ka biya."

"Zan biya. Me ya sami hannun?"

"Mai ne ya fallatso mini."

"An ce ka ba su dabinon teku."

"Ni? Na rantse da kabarin uwata! Matar nan baƙin ciki ne ya juya mata kai."

Sufeto ya bar maganar. Ya ci taliya faranti guda, ya ƙara da soyayyen kifi, ya goge farantin da burodi. Donato yana tsaye a kansa yana ta surutu, gumi yana bin wuyansa. Da Sufeto ya gama sai ya miƙe, ya fara ɓalle maɓallan rigarsa.

"Zafin nan zai kashe ni. Nuna mini inda ka ce ya shiga, in ɗan yi iyo in ga ƙarfin ruwan."

"Yanzu? Haba yallaɓai, hauka kake? Yanzu fa ka tashi daga kan abinci! Ni ba wanda zai ci a gidana in bar shi ya shiga ruwa, ko kare ne sai na yi masa ihu."

"To jiya me ya hana ka yi wa Ettore ihu?"

Cokulan masu cin abinci suka tsaya a tebura. Sufeto ya nuna hannun Donato.

"Kwance tsumman nan."

"Yallaɓai, ƙuna ce kawai…"

"Kwance!"

Ya kwance a hankali. Babu ƙuna. Tafin ya kumbura, ƙayoyi baƙaƙe sun yi layi a ciki. Sufeto ya buɗe hankici ya ajiye tabarau ɗin Ettore a kan tebur.

Donato ya zauna jaɓar a kujera.

"Biyo ni ya yi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ya same ni da guduma a hannu. Na roƙe shi, na ce ina da iyali, ya ce shi ma teku iyalinsa ce. Ya juya zai tafi, na fizgo shi, muka zame tare. Ban san lokacin da na ɗaga gudumar na buga masa ba. Yana numfashi sa'ad da na tura shi ruwa."

Sajan ya sa masa ankwa, aka fita da shi ta tsakanin tebura, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi.

Da la'asar Sufeto ya koma filin tanti. Ya sami Palmira a durƙushe tana kokawa da turakun tantin, ta kasa zare ko ɗaya.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Bai shiga ruwa da ƙafarsa ba. Haka zan rubuta, haka 'ya'yansa za su ji."

Sai a lokacin kukan ya zo mata, mai ƙarfi, irin wanda ba a rarrashi. Sufeto bai ce ta yi shiru ba. Ya ajiye hularsa, ya durƙusa a gefenta, ya fara zare turakun ɗaya bayan ɗaya.